Kafin a Miƙa Tsoho Gidan Jinya: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun da suka taru a kan gidajen jinyar tsofaffi sun yi yawa, shi ya sa muka ba su filin wannan watan gaba ɗaya. Mafi yawansu daga 'yan'uwa mazauna Ingila da Amurka suka zo, ɗaya kuma daga nan gida. Malaman jinya da likitan tsofaffi da ke taimaka wa filin ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Manchester: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata biyu ke nan yana asibiti. Ba ya iya juyawa da kansa, abinci ma sai an niƙa masa. Asibiti sun ce lokacin sallama ya yi, ni kuma gidana bene ne, ga yara ga aiki. An ba ni sunayen gidaje uku, duka hukuma ta ce masu kyau ne. Yaya zan bambance? Dangi a gida sai surutu suke wai zan yar da uba.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki. Maganar dangi ba za mu ja ta ba. Wanda ba ya juyawa da kansa mutum biyu yake bukata, dare da rana. Mace ɗaya mai yara in ta matsa, ita ta kwanta da ciwon baya, shi kuma ya yi gyambo. Masu surutun ba su za su tashi ƙarfe biyun dare ba.

Fara da tabbatar da irin gidan, domin a Ingila iri biyu ne. Akwai wanda aikinsa wanka da sutura da ciyarwa da miƙa magani, babu nas a ciki, sai an kira ta daga waje. Akwai kuma wanda nas mai rajista take yini take kwana a cikinsa. Baba da ke fama da haɗiya ga rashin motsi, na biyun ne nasa. Kafin a sallame shi ki nemi a yi masa tantancewar NHS Continuing Healthcare, wato tsarin ɗaukar kuɗin jinya na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati. In ya cancanta, NHS ce ke ɗaukar kuɗin duka. In bai cancanta ba, akwai wani kaso na aikin nas da take biyan gidan.

Hukumar da ta ce miki gidajen masu kyau ne ita ce CQC, wadda ta fara aiki a 2009. Matakanta huɗu ne daga sama zuwa ƙasa: Outstanding (na musamman), Good (mai kyau), Requires improvement (yana bukatar gyara), Inadequate (ya gaza). Doka ta tilasta wa kowane gida ya manna nasa inda za a gani. Sai dai kalmar da ke manne a bango dunƙule ce ta abubuwa biyar: aminci, ingancin kulawa, tausayi, biyan bukatar kowane mutum, da shugabanci. Gida zai iya cin Good a dunƙule alhali ya gaza a ɗaya daga cikin biyar ɗin. Ki buɗe cikakken rahoton a shafin hukumar ki nufi aminci da shugabanci kai tsaye. Gidan da ya gaza a waɗannan biyun, ko ma'aikatansa sun fi kowa fara'a, ajiye shi gefe.

Sannan ki dubi kwanan watan rahoton, nan ne mutane da yawa ke faɗawa. A 2024 wani bita da Dakta Penny Dash ta jagoranta ya gano cewa binciken da CQC ke yi ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da kafin annobar korona, kuma matakan da ke manne sun kai kusan shekara huɗu da haihuwa a matsakaici. A shekara huɗu manaja ya sauya, masu gidan ma sun iya sayar da shi. Ko sabon rahoto ba rantsuwa ba ne. Gidan Orchid View da ke West Sussex ya samu shaidar mai kyau a 2010, aka rufe shi a 2011, kuma a 2013 kotun binciken mutuwa ta duba rasuwar tsofaffi 19 ta ce sakaci ya taka rawa a biyar. Wata ma'aikaciyar ofishin gidan ce ta tona asirin.

Saboda haka rahoto na cire miki gidan da bai kamata ki je ba ne kawai. Zaɓi sai da ƙafa. Ki je kowane gida sau biyu: sau ɗaya da alƙawari don ki zauna da manaja, sau ɗaya babu sanarwa, lokacin cin abincin rana ko yammacin Lahadi sa'ad da manya ba sa nan. Manaja ki tambaye ta tun yaushe take gidan, ko tana da rajista da CQC, da kuma yawan ma'aikatan haya da kamfani ke turo musu a mako. Ma'aikacin haya ba lallai mugu ba ne, amma bai san cewa Baba ba ya shan ruwa tsinkakke ba, kuma a irin wannan rashin sanin ake ƙwarewa.

A zagaye kada labule da furanni su ɗauke miki hankali. Zarni a ɗaki ɗaya ba komai ba ne, wani ne aka gama canza wa. Zarnin da ya kama kafet da kujeru na barandar gaba ɗaya yana nufin ana barin mutane cikin jiƙa. In ƙararrawar kira ta yi ƙara, dubi agogonki ki ga minti nawa kafin a amsa. Leƙa ɗakunan da ƙofarsu ke buɗe: igiyar ƙararrawar tana kusa da hannun mai ɗakin, ko an rataye ta bayan gado? Kofin ruwa hannunsa zai kai? Dubi farcen mazauna da leɓɓansu, farce mai datti da busasshen baki ba sa ɓuya. A wurin cin abinci, mai ciyarwa ya kamata ta zauna daidai da fuskar tsohon, shi kuma a miƙe yake zaune, ta jira ya haɗiye kafin cokali na gaba. In kin ga mutum ɗaya a tsaye tana zagaya baki uku da cokali, ko an ajiye faranti gaban wanda ba ya iya ɗagawa an dawo an ɗauke shi cike, kin ga abin da zai samu Baba. Haka wurin ɗagawa: injin ɗaga majinyaci da mutum biyu ake so. Kama tsoho ta hammata a ja shi yana gurɗa kafaɗa, musamman ta ɓarin da ya shanye.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta dare. Dokar Ingila ba ta yanka adadin ma'aikata ba, cewa kawai ta yi su wadatar, don haka lissafin naki ne. A ce hawa ɗaya na da mutum 30, masu kula biyu ne da dare, kuma goma cikin mazaunan sai an juya su duk awa biyu. Kowane juyi da canjin kunzugu ya ci minti 10 da mutum biyu, minti 100 ke nan cikin 120. Saura minti 20 ga sauran mutum ashirin, ga mai son bayi, ga wanda ya faɗi, ga rubutu. Irin wannan gidan takardarsa za ta nuna an juya kowa a kan lokaci, fatar mazauna ce za ta ƙaryata. Ki nemi a nuna miki jadawalin aikin dare na makon da ya wuce. Gidan kirki ba ya jin nauyin nunawa.

Tambaya, daga wani ɗan'uwa a New York: Mahaifiyarmu ta karye a ƙugu, an yi mata aiki, yanzu za a kai ta gidan jinya don gashi da koyon tafiya. Na ga wani gida mai taurari biyar a intanet. Ya isa in dogara da shi?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Taurarin da za ka duba su ne na gwamnati a shafin Care Compare na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ba na masu talla ba. An fara tsarin a ƙarshen 2008, kuma tauraron da ake gani a sama haɗin abu uku ne: binciken jami'an lafiya na jiha, yawan ma'aikata, da alƙaluman ingancin kulawa.

Ga yadda ake haɗa su, kuma a nan dabarar take. Ana farawa da taurarin bincike. In gidan ya ci biyar a ma'aikata a ƙara masa ɗaya, in ya ci biyar a alƙaluman inganci a ƙara wani. Ashe gidan da jami'ai suka ba uku zai iya fitowa da biyar a sama. Alƙaluman ingancin kuwa yawancinsu gidan ne da kansa yake cikewa ya aika. Don haka mu a ganinmu ka ba taurarin bincike nauyi na farko, na ma'aikata na biyu tunda daga takardun biyan albashi ake ɗauko su, na ukun kuma ka karanta shi da taka-tsantsan. Ka sani kuma taurarin bincike gasa ce tsakanin gidajen jiha ɗaya: kashi 10 cikin ɗari na sama su ke samun biyar, kashi 20 na ƙasa su samu ɗaya. Biyar a wata jiha ba lallai ta yi daidai da biyar a wata ba.

Jami'an na zuwa ba sanarwa, bisa ƙa'ida ba a wuce wata 15 ba tare da sun zo ba. Abin da suka gani suna rubuta shi a takardar da ake kira CMS-2567, wajibi ne gidan ya ajiye ta inda baƙo zai iya karantawa. Kowane laifi ana ba shi harafi daga A zuwa L. Kusan babu gidan da ba shi da D ko E, kada wannan ya firgita ka. Daga G zuwa sama yana nufin an cutar da wani a zahiri. J da K da L na nufin rai na cikin haɗari nan take. Abin da ya fi harafi ɗaya muni shi ne laifi iri ɗaya da ke dawowa bincike bayan bincike, alamar an gyara ne don idon jami'i. In ka ga hoton jan tafin hannu kusa da sunan gida, an kama shi da cin zarafin mazauna ne kwanan nan. Akwai kuma jerin da ake kira Special Focus Facility na gidajen da suka daɗe suna gazawa. Waɗannan biyun kada ka tsaya ciniki.

A ɓangaren ma'aikata, shafin na nuna awowin da kowane mazauni ke samu a rana. Wani nazari da aka yi wa gwamnatin Amurka a 2001 ya nuna cewa ƙasa da kimanin awa 4.1 a rana ga masu dogon zama, cutarwa na ƙaruwa. Gidaje da yawa ba sa kai wannan. Tun 2022 ana nuna adadin na ƙarshen mako da kuma yawan ma'aikatan da ke barin aiki a shekara. Gidan da fiye da rabin ma'aikatansa ke tafiya duk shekara, ba mai sanin Hajiya a cikinsa.

Tunda gashi ya kai ku, tambayi kwana nawa a mako masu gashin ke aiki, da minti nawa za ta samu. Shafin na nuna kason waɗanda suka koma gidajensu da waɗanda aka sake kwasa asibiti. Medicare na biyan irin wannan zaman har kwana 100 a bisa sharuɗɗa, kuma daga kwana na 21 akwai kason da ke kanku. Kafin ka sa hannu, kira ofishin Ombudsman, wato mai karɓar koke, na gidajen jinya na jiharku. Kyauta ne, suna shiga gidajen, sun san wanda koke ya yi wa yawa.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Birmingham: Innarmu wata biyu ke nan a gidan jinya. Ranar da na taya su yi mata wanka na ga wani tabo baƙi-baƙi a saman ɗuwawunta. Mai kula ta ce ba komai tunda bai yi ja ba. Zobenta kuma ya fara zamewa. In damu?

Amsa: Ki damu, yau ɗin nan. Abin da aka koya wa ma'aikata da yawa shi ne gyambon kwanciya da ja yake farawa, jan da ba ya gushewa in an danna. A farar fata ke nan. A fata irin tamu sau da yawa ba a ganin ja ko kaɗan. Wurin ya kan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi. Taɓawa ce ke faɗa: ki sa bayan hannunki a wurin sannan ki sa a gefe, za ki ji ya fi zafi ko ya fi sanyi, ya yi tauri ko ya yi taushi fiye da kima, Inna kuma ta iya zabura. A duba da hasken rana ko tocila mai kyau, ƙwan ɗaki mai rawaya yana ɓoye shi. Wannan ne ya sa baƙar fata ba a cika gano nasu ba sai ya fashe.

Dalilinsa nauyin jiki ne ke matse naman da ke tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina kaiwa. Cikin 'yan awowi ɓarna na iya farawa, kuma wani lokaci daga ciki take ruɓowa kafin a gani a waje. Matakinsa huɗu: fata ba ta fashe ba, ta saluɓe ko ta yi bororo, ramin ya kai kitse, ramin ya kai nama ko ƙashi. Wuraren da za ki riƙa dubawa su ne saman ɗuwawu, diddige, gefen ƙugu, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya, da bayan kunne in tana da robar iska.

Ki nemi nas, ba mai kula ba, ta duba ta auna tsawo da faɗi ta rubuta, a ɗauki hoto. Ki ce a nuna miki takardar juyi da makin da aka ba ta a ma'aunin haɗarin gyambo, a Ingila galibi Waterlow ake amfani da shi. Wadda ke cikin babban haɗari ana juya ta tsakanin awa biyu zuwa huɗu gwargwadon katifarta. A kishingiɗar da ita gefe kaɗan da filo a baya, kada a ɗora ta kacokan kan ƙashin ƙugu. A sa filo ƙarƙashin sharaɓa diddigen ya rataya a iska. Kan gado kada ya wuce digiri 30 sai lokacin ci, in ya wuce tana zamewa ƙasa fatar na yagewa daga ciki. In katifar mai iska ce, ki duba injinta a kunne yake, an kuma saita shi da nauyinta. Kada a murza wurin, kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi, kada a zaunar da ita kan filo mai rami a tsakiya. Duk suna ƙara kashe naman.

Takardar juyin ma ki karanta ta da ido biyu. In awowin dare duka biro ɗaya ne, hannu ɗaya, daidai kan ƙarfe 12 da 2 da 4 ba kuskuren minti ɗaya, da alama a zama ɗaya aka cike ta.

Zoben kuwa rama ce, kuma rama da gyambo tare suke tafiya. Ya kamata a auna nauyinta aƙalla duk wata. Raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, abin kiran likita da masanin abinci ne. Mai kilo 60 in ta sauke kilo 3 a wata ta kai. A duba bakinta ko akwai miki ko haƙorin roba da ya yi mata yawa. Sau da yawa kuma abincin ne bai karɓe ta ba. Tsohuwar da ta shekara saba'in tana cin tuwo da miyar kuka, a ajiye mata dafaffen dankali ba gishiri ba yaji, turewa za ta yi a rubuta cewa ta ƙi ci. Ki yi magana da su ki riƙa kawo kunu da miya, amma in tana da matsalar haɗiya sai an daidaita kaurinsa da abin da mai duba haɗiya ya rubuta.

In kin yi magana ba a motsa ba, ki rubuta koke ga manaja ki riƙe kwafi, ki kuma kira sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukumarku. Dokar Care Act ta 2014 ta ɗora musu bincike. Ki sanar da CQC ma, duk da cewa ba ta sasanta koken mutum ɗaya, da irin bayanin take yanke inda za ta je. Kada ki ji tsoron za a hana ki shiga: tun Afrilun 2024 ziyara na cikin ƙa'idojin da ake bincikar gidajen Ingila a kansu.

Tambaya, daga wani ɗan'uwa a Houston: Baba na da gigin tsufa. A gida yawo yake da surutu, amma tunda aka kai shi gidan jinya kullum barci, yawu na zuba. Sun ce ya samu natsuwa ne.

Amsa: Malam, wannan ba ta yi kama da natsuwa ba. Ka nemi takardar magungunansa ta yau ka jera ta da wadda ya shiga da ita. Nemi sunaye irin su haloperidol, risperidone, quetiapine, olanzapine, da masu sa barci irin lorazepam da diazepam. Rukunin farko magungunan taɓin hankali ne, kuma tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta fara sa gargaɗi mafi ƙarfi a kansu cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa. Suna da ranarsu, in mutum na neman illata kansa ko wasu, amma da ƙaramin awo, na ɗan lokaci, da sanin iyali. Dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 ta hana a kwantar da mutum da magani don sauƙin ma'aikata.

Ka duba jerin cututtukan da aka rubuta masa. Alƙaluman gwamnati ba sa ƙirga mai cutar taɓin hankali ta sikizofireniya cikin waɗanda ake ba waɗannan magunguna, sai wasu gidaje suka shiga liƙa wa tsofaffi cutar. Abin ya kai a 2023 gwamnati ta fara bin diddigi. Cutar ba kasafai take fara bayyana a tsufa ba, in ka gan ta a fayil ɗin Baba ka tambayi wane likita ya rubuta, yaushe.

Kada ka sa a yanke maganin rana ɗaya, a hankali ake janye shi. Kuma a nemo wasu dalilan: ciwon mafitsara ko na huhu, ƙarancin ruwa, kwanaki ba bayan gida, faɗuwar suga. Ka tambaya ko ya faɗi. Tsohon da ya bugu a ka, musamman mai shan maganin tsinka jini, jini na iya taruwa a kansa a hankali, alamar farko yawan barci. In barcin ya zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, asibiti za a nufa a ranar.

Tambaya, daga wata Hajiya a Kano: Yayanmu ya tsufa, ba shi da 'ya'ya, suga ya sa an yanke masa ƙafa. An nuna mana wani gida mai zaman kansa da ke karɓar tsofaffi da kuɗin wata. Mu nan ba taurari ba rahoto. Me za mu duba?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da ladan zumunci. Gaskiya ne, a nan ke ce jami'ar binciken. Akwai cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa da dokar 2017 ta kafa, amma ba ki da wani shafi da za ki buɗe ki ga tarihin gida kaza.

Takardar rajistar kamfani da za su nuna miki shaidar kasuwanci ce, ba izinin jinya ba. In suna allura da wankin ciwo da ba da magani, ki nemi shaidar hukumar PHIMA mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Kano. Fararen kaya ba sa mai da mutum nas. Ki ce a nuna miki lasisin hukumar malaman jinya da ungozoma ta ƙasa, da sunan mai shi, ki tabbatar shi ne ke kwana a gidan ba aron takarda aka yi ba. Wane likita ke zuwa, ranar yaushe? In abu ya taso ƙarfe ukun dare wace mota ce, wa ke riƙe da makulli, wane asibiti?

Ga mai suga, ki sa a auna shi a gabanki don ki ga na'urar na aiki kuma akwai tsinken gwaji. In yana allurar insulin, ina ake ajiye ta in an ɗauke wuta? Ki tambayi mai kula abin da za ta yi in ta same shi yana gumi yana karkarwa yana sambatu. Amsar ita ce a auna, a ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya, in ba ya iyawa kada a ɗura masa komai a garzaya asibiti. In ta tsaya kame-kame, kin samu amsarki. Ƙafar da ta rage a duba ta kullum har tsakanin yatsu da diddige, domin yanzu ita ke ɗaukar duk nauyin.

Zafi ma kisa yake. A 2017 guguwar Irma ta kashe na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan jinya a Hollywood ta jihar Florida, mutum 12 suka rasu saboda zafi, a Amurka ke nan. Ki auna da Kano a watan Afrilu. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, sai an bi shi da ruwa, aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, wato ledar fiya wata uku, sai in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. Ki shiga ɗakin da za a ba shi da ƙarfe biyun rana ki zauna minti goma. Akwai silin? Taga biyu masu fuskantar juna? Sola ko janareta na ɗaukar fanka har asuba? Janaretan kuma ya yi nesa da tagogi, hayaƙinsa na kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Sai gobara. A gidan Rosepark na Sikotilan wutar lantarki ta tashi a wani ɗan kabad a Janairun 2004, tsofaffi 14 suka rasu, hayaƙi ya bi ta ƙofofin ɗakuna da aka bari buɗe, ma'aikata kuma suka yi jinkirin kiran 'yan kwana-kwana. A namu gidajen ga ƙarfen tagogi ga ƙofar da ake garƙamewa da kwaɗo da dare. Tambayi wa ke riƙe da makullin, ko keken guragu zai wuce ta ƙofar, ko akwai mafita ta biyu, ki kuma duba kwanan watan tukunyar kashe gobara. Mai ƙafa ɗaya ɗakin ƙasa ne nasa. Banɗaki ya kasance mai masai na zama da ƙarfen dafawa, tayil ɗin kuma ba mai santsi ba. In kin ga mazauna da yawa na susa, ki dubi tsakanin yatsunsu, ƙazuwa na bin gida gaba ɗaya in ana haɗa zannuwan gado. In kin ga an ɗaure wani da zane a jikin gado ko kujera, ki fita.

Kuɗi a rubuta: me ke cikin na wata, wa ke sayen magani da kunzugu. Kada ku biya na shekara gaba ɗaya. Ku raba ziyara tsakaninku, ranaku daban, lokuta daban, ba tare da kun buga waya ba.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Leeds: Zan iya sharɗanta mace ce kaɗai za ta yi wa mahaifiyata wanka, da abincin halal, da salla?

Amsa: Ƙwarai kuwa, amma alƙawarin baki a ofishin manaja ba ya kai wa ma'aikacin dare. Ki sa a rubuta su cikin tsarin kulawarta: mace a wanka da tsarki, tsarki da ruwa ba takarda kaɗai ba, taimakon alwala ko taimama, inda alƙibla take a ɗakin, ɗankwalinta a kanta in za a fito da ita falo. Sai ki koma ga jadawalin dare ki ga ko kowane dare akwai mata biyu a hawan, in ba haka ba sharaɗin ba zai cika ba. Halal kuma ki shiga kicin ki tambayi mai dafawa inda ake sayo naman, domin a wasu gidajen ma'anarsa a cire nama a bar ta da ganye. Ki rubuta musu 'yan kalmomin Hausa a manna a gefen gado, ruwa, zafi, bayi, sannu, saboda mai gigin tsufa ta kan saki Turancin da ta koya da girma ta koma harshen da ta tashi da shi. A cikin tsarin a sa lambar wanda za a kira da ta masallacinku, tare da bayanin cewa in ta Allah ta kasance iyali ne za su yi wanka da sutura.